Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Mai Zane Ya Ce Sai Ya Ga Filin Tukuna?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan shafi a watan nan sun karkata ne ga ginin gidan zama, wataƙila saboda damina ta ɗauke, masu filaye kuma sun fara sauke yashi da bulo. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, sannan na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi fuloti ƙafa 50 da 75 a bayan garin Kano, ƙofarsa tana kallon yamma. Na ga hoton wani gida a waya, irin na Dubai, mai manyan gilasai tun daga ƙasa har sama, sai na kai wa mai zanen gine-gine na ce ya fitar mini da irinsa. Ya ce ba zai fara zane ba sai ya je ya ga filin, da safe da kuma da la'asar, har yana tambayata ta ina ruwa yake bi idan an yi ruwan sama. Birkilana ya ce duk dabarar ƙara kuɗi ce, shi zai iya fitar da ginin daga hoton. Maganar wa zan ɗauka? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe wannan mai zane da hannu bibbiyu, domin irinsa ba su da yawa. Birkilanka bai yi ƙarya ba da ya ce zai iya fitar da ginin daga hoto, amma abin da zai fitar maka shi ne kamannin gidan, shi kuwa zaman gidan, wato zafinsa da sanyinsa da iskarsa da sirrinsa, filin da aka ɗora shi a kai ne yake yanke su, kuma hoto ba ya nuna fili.

Bari mu fara da rana, tunda ka ce ƙofarka tana kallon yamma. Kano tana kusan digiri 12 ne a arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka da tsakar rana kusan kullum rana tana can sama. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta tana ɗan karkata arewa, a sauran watannin kuma tana karkata kudu, kuma ko a watan Disamba da ta fi yin ƙasa, tsayinta da tsakar rana ya haura digiri 54. Ma'anar wannan lissafi ga mai gini ita ce, bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa: idan bakin rufi ya fito waje da mita ɗaya, inuwarsa za ta sauko wa bangon kudu da kusan mita ɗaya da rabi a lokacin da rana ta fi matsa masa. Bangon gabas da na yamma ba su da wannan gata, domin rana tana dukansu ne a kaikaice, da hantsi da kuma bayan la'asar, lokacin da ta yi ƙasa har bakin rufi ba ya iya tare ta. Na yamma ya fi wahala, domin ranar la'asar tana riskarsa ne bayan iska da ƙasa sun gama ɗaukar zafin yini. Idan ka kafa gilashi tun daga ƙasa har sama a wannan fuska, hasken zai ratsa ya zafafa tayil da kujeru da bango, zafin kuma ba zai samu hanyar komawa ba, ta yadda a watan Afrilu falon zai gagari zama sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta ko man janareta. Gidajen Dubai da ka gani an zana su ne bisa tabbacin cewa na'urar ba za ta taɓa tsayawa ba. Kai ka fi ni sanin ko kana da wannan tabbaci.

Abin da mai zanen kirki zai yi da filinka shi ne, ya miƙar da ginin daga gabas zuwa yamma, ta yadda dogayen bangaye da manyan tagogi za su kalli kudu da arewa, kuma ka yi sa'a domin doguwar fuskar fulotinka ta bi wannan layi. A ɓangaren yamma, wato bakin titi, sai ya jera abubuwan da zafi ba ya cutar da su, kamar garejin mota da sito da banɗakin baƙi da matattakala idan akwai bene, su zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Wannan ba sabon ilimi ba ne, domin aikin da zaure da soron tsakiya suke yi ke nan a gidajen cikin birni, ban da aikinsu na raba baƙo da iyali.

Sai iska, wadda take da fuska biyu a ƙasarmu. Hunturu yana zuwa daga arewa maso gabas da sanyi da ƙura, iskar damina mai laima kuma tana zuwa daga kudu maso yamma, kuma ita ce ake so ta ratsa ɗaki. Amma hadari, kamar yadda kowane manomi ya sani, yawanci daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas shi ne yake shan feshi, shi ya sa maginan da suke ƙara masa yaɓen makuba fiye da sauran. Saboda haka kowane ɗaki yana bukatar mashigar iska da mafitarta a bangaye biyu daban-daban, ɗaya a ƙasa-ƙasa, ɗaya a sama kusa da silin inda iska mai zafi take taruwa, tagogin gabas kuma su kasance ƙanana masu rumfa. Ɗakin da yake da taga ɗaya tak, komai girmanta, iska ba ta ratsa shi.

Tambayar da mai zanen ya yi maka a kan ruwa kuwa ita ce ta fi duka muhimmanci ga aljihunka. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 150 zai zubar da lita 6,000 a daren da aka yi ruwa mai milimita 40. Wannan ruwa dole ya bi wani wuri, kuma idan ka malale tsakar gida gaba ɗaya da siminti, ba ka bar masa inda zai tsuma ba, sai ya nufi titi ko gindin katangar maƙwabci. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa hangowa: a sabbin unguwanni titi yana nan a matsayin turɓaya lokacin da ake gini, amma ranar da aka zo yin kwalta da magudanar ruwa, za a yi ciko, titin ya ɗaga, gidan da aka gina daidai da tsohon titi ya koma rami. Mai zanen da ya tsaya a filin zai duba gangaren unguwar ya faɗa maka tsayin da ya kamata daɓen gidanka ya kai tun daga harsashi, gyaran da ba ya yiwuwa daga baya sai da rusau.

Ragowar abubuwan da zai duba ba sa bukatar dogon bayani. Zai ga ko maƙwabcinka ya yi bene wanda tagoginsa suke leƙen inda kake shirin yin tsakar gida, zai tambayi inda rijiya ko burtsatsen maƙwabta suke domin kada ramin masanka ya matse su, zai tantance alƙibla, wadda daga Kano take gabas da ɗan karkata zuwa arewa, domin a kauce mata wajen kafa masai, sannan zai bar tazarar da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, take bukata kafin ta amince da zane. Idan akwai darbejiya ko mangwaro a yammacin filin, kada ka bari leburori su sare shi da sunan sharar fili kafin mai zanen ya gani. Kuɗin zuwansa sau biyu bai kai kuɗin gilashi ɗaya daga cikin waɗanda ka gani a hoton ba.

TAMBAYA: Maigidana yana so mu yi ginin ƙasa a sabon filinmu, yana cewa ya fi sanyi. Ni kuma na tashi a gidan ƙasa, na san wahalar yaɓe duk shekara da faɗuwar katanga da damina, ga kuma abin da dangi za su ce, cewa mun kasa sayen siminti ne. Shin akwai gidan zamani na gaske da aka yi da ƙasa, ko dai a littafi kawai ake faɗa? (Wata malamar makaranta, Maraɗi)

AMSA: Malama, tsoronki yana da tushe, kuma ba zan raina shi ba, domin wanda bai taɓa kwana yana sauraron ɗigar soro ba shi ne yake yi wa ginin ƙasa kirari ba tare da sharaɗi ba. Sai dai amsar tambayarki tana cikin ƙasarku. A birnin Yamai akwai rukunin gidaje shida masu bene da ake kira Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016. Ƙungiyar masu zane mai suna united4design ce ta tsara shi, kuma a cikinsu akwai 'yar Nijar Mariam Issoufou Kamara. An gina shi da bulon ƙasa da aka matse da inji, an dunƙule gidajen kusa da juna suna yi wa juna inuwa, kuma masu zanen sun bayyana cewa sun ɗauki darasi ne daga tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram da Tambutu. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance domin lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan ta 2022. Ita dai Mariam, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, su ne suka zana sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, suka kuma mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018 da irin wannan bulo. A Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu, Gando, da bulon ƙasa a 2001, daga baya ya ƙara gidajen malamai, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a wannan sana'a. Idan dangi suka yi magana, kina da abin nuna musu.

Ya kamata ki san bambancin wannan bulo da tubalin da kika sani. Tubali ana cura shi ne da hannu daga jiƙaƙƙiyar ƙasa a shanya a rana. Shi kuwa wannan, ana tankaɗe jar ƙasa mai ɗan yashi, a gauraya ta da siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa daidai yadda za ta kama, a matse ta a inji, sannan a lulluɓe bulon da leda ya yi kimanin mako huɗu yana ƙarfafa kafin a ɗora shi. Idan an yi shi daidai, fuskarsa tana fitowa sumul da kaifin gefe, ba ya bukatar filasta, ba ya kuma bukatar yaɓen shekara-shekara. Idan aka yi ha'inci a siminti ko aka ɗebo ƙasar da laka ta yi mata yawa, zai tsattsage, saboda haka gwajin ƙasar da samun maginin da ya taɓa yin aikin su ne sharaɗi na farko, kuma a garuruwa da yawa samun maginin ya fi samun injin wuya.

Dalilin sanyin da maigidanki yake magana a kai shi ne nauyi da kaurin bango. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i da dama zafin yake isa ciki, lokacin da rana ta riga ta faɗi. Wannan dabara tana aiki ne a inda dare ya fi rana sanyi sosai, kamar Maraɗi da Katsina da Agadas a mafi yawan shekara, kuma tana da sharaɗin da ake yawan mantawa da shi: dole a buɗe tagogi da dare iska ta kwashe zafin da bangon yake saki, a rufe su da hantsi. A tsakiyar bazara, lokacin da daren ma ba ya sanyi, ɗakin zai riƙe ɗumi, shi ya sa gidan da aka zana da hankali yake tanadar baranda ko rufin bene mai katanga inda iyali za su sha iska cikin sirri. A yanki mai laima kuwa lissafin yana juyewa. Glenn Murcutt na Ostareliya, wanda ya karɓi lambar Pritzker a 2002, ya zana wani gida a Yirrkala da ke gaɓar tekun arewacin ƙasar, aka kammala shi a 1994, kuma ya yi shi ne da katako da ƙarfe da rufin kwano, ya ɗage shi daga ƙasa a kan ƙafafu, ba gilashi a tagoginsa sai marufai da ake ɗagawa iska ta ratsa. Da za a ɗauko wannan gida a dasa a Maraɗi, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta kori masu shi.

Game da damina, abokan gabar bangon ƙasa biyu ne, ruwan da yake taruwa a gindinsa da wanda yake sauka a kansa. Ku ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda feshin ruwa yake kaiwa, ku sa leda ko kwalta tsakanin harsashin da layin farko na bulo domin hana danshi hawa, sannan bakin rufi ya fito sosai. Rufin kwano ba laifi ba ne idan aka bi hanyar Kéré, wanda ya ɗage kwanon sama da silin na bulo ya bar sarari a tsakani, iska tana wucewa tana kwashe zafin kafin ya sauko ɗaki. Shawarata ita ce ku fara da katanga ko ɗakin maigadi, ku bar shi ya ga damina ɗaya, sannan ku yanke hukunci a kan babban ginin.

TAMBAYA: Filina yana kan gangare, kuma akwai wani ƙaton dutse a kusan tsakiyarsa. An ce in kawo masu fasa dutse, sannan in yi ciko har filin ya daidaita. Kuɗin da aka yanka mini ya kusa kuɗin filin. Akwai wata hanya? (Wani ma'aikaci, Jos)

AMSA: Malam, akwai, kuma sau da yawa ita ce mafi araha. Maimakon a tilasta wa gangare ya zama shimfiɗa, ana iya raba gidan hawa-hawa ya bi gangaren, falo da kicin a mataki ɗaya, ɗakunan kwana a mataki na gaba da 'yan matattakala huɗu ko biyar a tsakani, gareji kuma a ɓangaren da ya fi kusa da titi. Ciko mai zurfi yana da haɗarin da ba a faɗa maka ba: idan ba a daddale shi kashi-kashi ba, zai ci gaba da zama bayan an gama gini, kuma gidan da rabinsa yake kan dutse rabinsa kan ciko shi ne ya fi saurin tsagewa, domin ɓangare ɗaya yana sauka ɗayan yana tsaye. Ga kuma katangar riƙe ƙasa, wadda take cin rodi da kankare, kuma idan ba a bar mata ƙofofin fitar ruwa ba, damina mai ƙarfi irin ta Filato tana iya tunkuɗe ta.

Shi kuwa dutsen, kafin ka biya a fasa shi, ka sani cewa wasu sun biya kuɗi domin samun irinsa. Oscar Niemeyer, wanda ya zana manyan gine-ginen Brasilia, babban birnin Brazil, ya gina wa kansa gida a gefen birnin Rio a farkon shekarun 1950, ya bar wani ƙaton dutse a inda ya same shi, rabinsa a cikin gida rabinsa a bakin wurin wanka na waje, kuma har yau dutsen ne abin da aka fi tunawa da gidan. Naka zai iya zama tsakiyar tsakar gida, ɗakuna su kewaye shi. Abin lura shi ne, ruwa yana bin jikin dutse ya taru a gindinsa, don haka a yi masa magudana ta ɓangaren tudu, kuma injiniya ya tabbatar ko dutsen kafaffe ne ko kuwa zaune yake a kan ƙasa, domin na biyun bai kamata a ɗora masa nauyi ko a haƙe gindinsa ba. Tunda Jos gari ne mai sanyi, kai kam kana iya barin ranar hantsi ta shiga ɗakunan kwana, abin da zan hana mutumin Sakkwato.

TAMBAYA: An yi mini tayin fili mai rahusa a wurin da a da kududdufi ne, amma an cike shi shekaru da suka wuce, har wasu sun yi gini a gefe. Dillali ya ce da harsashi mai ƙarfi ba matsala. In saya? (Wata 'yar kasuwa, Zariya)

AMSA: Hajiya, rahusar tana da dalili. Kududdufan tsofaffin biranenmu ramuka ne da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan unguwa, kuma cike su ba ya canza gangaren da yake kai ruwa wurin. Yawancinsu kuma da shara aka cike su, ita kuwa shara tana ruɓewa tana zama shekara da shekaru, don haka harsashin da zai tsaya a kanta sai ya ratsa cikon gaba ɗaya ya taka ƙasa ta asali, ko kuma a zuba faifan kankare mai rodi a ƙarƙashin gidan duka, kuma kowanne daga cikin biyun yana iya cinye abin da kika rage a farashin filin har ya nemi ƙari. Ruwan rijiyar da za a haƙa a irin wannan wuri ma abin tuhuma ne.

Idan har zuciyarki ta kwanta da wurin, kada ki biya a rani. Ki je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ki duba gindin katangun maƙwabta ko akwai layin danshi da farin gishiri da filastar da ta kumbura, ki duba ko ƙofofinsu sun karkace, sannan ki tambayi dattawan unguwar, waɗanda ba su da kaso a cinikin, iyakar inda ruwa yake kaiwa a shekarar da aka yi damina mai yawa. Bayan haka ki sa injiniya ya haƙa ramin gwaji a wurare biyu ko uku domin a ga zurfin cikon da abin da aka cike da shi, ki kuma tabbatar a hukumar tsara birane cewa wurin ba ya cikin hanyar ruwa da aka hana gini a kai. Idan mai filin ya ƙi yarda a haƙa ramin gwaji kafin biya, ki nemi wani filin.